Alkawarin Allah a Tsakiyar Uƙuba: Waiwaye Kan Rushewar Baitul Muƙaddas

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai cika alkawari, Mai jinkirta wa bayi ba don mantuwa ba. Tsira da aminci su tabbata ga cikamakin Annabawa, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da 'yan'uwansa Annabawa da Manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, ka san cewa sura ta 17 a cikin Alƙur'ani mai girma tana da sunaye biyu, Suratul Isra'i da kuma Suratu Bani Isra'ila. Ayarta ta farko ce ta ba da labarin tafiyar dare da aka yi da Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Masallacin Ƙudus. Mutum zai zaci za a ci gaba da bayanin wannan tafiya mai ban al'ajabi, sai ga shi zancen ya juya zuwa ga tarihin mutanen da suka riƙe wannan masallaci kafin mu. Daga aya ta 4 zuwa ta 8, Allah Ya ba da labarin cewa tun da wuri Ya sanar da Bani Isra'ila a cikin Littafinsu za su yi ɓarna a ƙasa har sau biyu, za a turo musu mayaƙa masu tsananin ƙarfi su ratsa gidajensu, sa'an nan a mayar musu da ƙarfinsu, a yalwata musu dukiya da 'ya'ya. A karo na biyu kuma a sake shiga masallacin kamar yadda aka shige shi da fari. Bayan duk wannan sai aka bar ƙofar rahama a buɗe, tare da gargaɗin cewa in sun koma ga ɓarna za a koma ga horo.

Abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai a waɗannan ayoyi kalma ɗaya ce. Sunan da Alƙur'ani ya kira kowace daga cikin masifun biyu da shi shi ne wa'ad, wato alkawari, kalmar nan dai da ake kiran alkawarin Aljanna da ita. Ashe ke nan rushe birnin yana cikin alkawarin, mayar da mutanensa ma yana ciki. A takarda ɗaya aka rubuta su.

Ina rubuta wannan ne daga Kudenda, unguwar masana'antu da ke kudancin kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri. Wannan yanki ƙasar Gwari ce tun asali, masaƙu ne suka cika shi da baƙi. Tun da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo bayanta, sai Bahaushe da Bajju da Atyap da Bayarabe da Ibo da Tibi suka zauna a gidan haya ɗaya, suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya. Ranar 21 ga Fabrairu, 2000, zanga-zangar adawa da shigo da Shari'a ta rikiɗe ta zama yaƙin unguwanni, aka sake kwatawa a watan Mayu. Kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ya ƙidaya mutum 1,295 da suka rasu, masu kare haƙƙin ɗan'adam kuwa suka ce sun haura 2,000. Daga nan kogi ya zama iyaka: Musulmi da yawa suka ƙetare zuwa Tudun Wada da Rigasa, Kirista suka gangaro Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. A irin wannan hali mutum ba ya rasa tambayar ko Allah Ya yi fushi da garin nan ne, in kuwa Ya yi, da wa. Maƙwabtanmu Kirista suna neman amsa a littafin Irmiya, wanda ke hannunsu da Hausa tun 1932, lokacin da aka buga fassarar da Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi. Mu kuma muna nema a Suratul Isra'i. Labarin birni ɗaya muke karantawa, amma kowanenmu, sai wanda Allah Ya kiyaye, yana karantawa ne yana hango tsallaken kogi.

Kafin in shiga, wajibi ne in faɗi ma'aunin da nake riƙe da shi, domin na san akwai ɗan'uwan da zai ɗaure fuska da jin an ambaci littafin Ahlul Kitabi a zancen addini. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila, ya kuma ruwaito cewa ya hana mu gaskata su ko ƙaryata su kai tsaye. A kan haka ne Ibnu Taimiyya, da almajirinsa Ibnu Kasir a gabatarwar tafsirinsa, suka kasa labaransu kashi uku: wanda Littafinmu ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa, wanda ake iya ambata don izina ba tare da an gina aƙida a kansa ba. Mafi yawan abin da zan kawo yana cikin kashi na uku. Shi kansa Irmiya ba a ambaci sunansa a Alƙur'ani ba, amma Ibnu Kasir ya lissafa Irmiya ɗan Halƙiya a cikin Annabawan Bani Isra'ila, ya ware masa babi.

Malaman tafsiri sun saɓa a kan su wane ne mayaƙan nan. Mu da muka tashi muna sauraron Jalalaini a tafsirin azumi mun ji cewa na farko Jalutu ne, na biyu kuma Bukhtanassar, wanda aka turo saboda kashe Annabi Yahaya (AS). Imamu Razi ya riga ya nuna cewa tarihi bai yarda da wannan jeri ba, domin Bukhtanassar ya gabaci Annabi Yahaya da shekaru masu yawa, kusan ɗari shida a lissafin yau. Ibnu Kasir kuma ya yi kashedi da wani dogon hadisi da Ɗabari ya kawo a wannan wuri, ya ce ƙirƙirarre ne. Malamai na baya-bayan nan irin su Ibnu Ashur da Maududi sun ɗauki na farko a kan mamayar Babila, na biyu a kan Rumawa, kuma a kan wannan zan bi.

Bayan rasuwar Annabi Sulaimanu (AS) mulkin ya rabe biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu inda Ƙudus take. Assuriyawa suka cinye ta arewa a wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kwashe mutanenta. A 701 sarkinsu Sanharib ya zo ya yi wa Ƙudus ƙawanya, ya tashi bai ci ta ba. Ɗabari ya kawo wannan labari tare da Annabi Sha'aya, wanda Kirista ke kira Ishaya. To, wannan tsira ita ce daga baya ta zame musu fitina. Suka ɗauka cewa birnin da ɗakin Allah yake ciki ba ya ciwuwa, ko me mutanensa suka aikata. Kimanin shekara ɗari bayan haka Irmiya ya tsaya a ƙofar masallacin, kamar yadda babi na 7 na littafinsa ya nuna, ya gaya wa masu shiga ibada cewa kada su jingina da ginin alhali suna sata da kisa da zina da rantsuwar ƙarya, suna danne baƙo da maraya da gwauruwa. Ya tuna musu da Shilo, wurin ibadarsu na dā da ya zama kufai. Firistoci da jama'a suka kama shi suna neman a kashe shi. Ka lura, ya ɗan'uwa, bai tsaya a ƙofar masallaci don ya lissafa laifin Babilawa ba, alhali masu bautar gumaka ne, kuma su ne ke tafe da takobi.

A 605 Bukhtanassar, wanda suke kira Nebukadnezzar, ya karya rundunar Masar a Karkemish, ƙasar Sham ta dawo hannunsa. Yahuza ta yi mubaya'a, sa'an nan ta yi tawaye. Ya zo ya ci Ƙudus a watan Maris na 597. Wannan rana Babilawa da kansu sun rubuta ta a wani allon yumɓu da ke gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan, inda suka ce ya kama sarkin, ya naɗa wanda yake so, ya kwashi ganima mai yawa. Ya tafi da Sarki Yekoniya da fadawa da mayaƙa da maƙera da masu sana'a, kimanin mutum 10,000 a lissafin littafin Sarakuna, ya ɗora Zadakiya a gadon sarauta. Birnin dai yana tsaye, masallacin ma yana tsaye.

A tsakanin wannan kamu na farko da rushewa ta ƙarshe akwai shekara goma, kuma a cikinsu ne aka yi abubuwan da suka fi ɗaukar hankalina. Wani mai da'awar annabci, Hananiya, ya tashi a gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya Babila, a dawo da sarki da kayan masallaci. Irmiya a lokacin yana yawo da karkiyar itace a wuyansa, alamar a haƙura a bi hukuncin da ya sauka. Hananiya ya fizge ta ya karya. Aka ce wa Irmiya ya koma ya gaya masa cewa ya karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Hananiya ya mutu a cikin shekarar. Duk wanda ya san mutane ya san wa aka fi so a ji a ranar: mai cewa shekara biyu yana magana da sunan Allah da sunan kishin ƙasa, mai cewa shekara saba'in kuwa kamar ɗan leƙen asirin maƙiya yake, kuma da wannan tuhuma aka ɗaure shi daga baya, har aka jefa shi a rijiya mai taɓo.

Daga nan ya aika wa kamammun da ke Babila wasiƙa, wadda ke babi na 29. Ya ce su gina gidaje su zauna, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Bayan shekara saba'in za a waiwaye su a mayar da su. Wasiƙar ba ta ce an yafe hukuncin ba, ba ta kuma ce an yar da su ba. Ta ba su aikin yi a tsakanin biyun.

Zadakiya ya yi tawaye yana dogaro da Masar, Babilawa suka dawo suka yi wa birnin zobe. Da wuya ta yi wuya, sai sarki da manyan gari suka tuna da wata doka ta Attaura da suka daɗe da watsarwa, cewa bawa ɗan'uwansu Ba'ibrane shekara shida yake yi, a ta bakwai a sake shi. Suka shiga masallaci suka ɗaura alkawari a gaban Allah, suka yanka ɗan maraƙi suka raba shi biyu suka ratsa ta tsakiya, kamar yadda al'adar rantsuwarsu take, kowa ya 'yanta bayinsa. Ana haka sai rundunar Fir'auna ta taso daga Masar, Babilawa suka janye don su tare ta. Da mutanen gari suka leƙa ta kan ganuwa suka ga sansani ba kowa, sai kowane ubangida ya aika aka kamo masa bayinsa. Wannan yana babi na 34, kuma ban san wani labari da ya fi shi fallasa halin ɗan'adam da alkawari ba, sai abin da Alƙur'ani ya faɗa game da mutanen jirgin ruwa, masu tsarkake addu'a in igiyar ruwa ta rufe su, masu mantawa in sun taka tudu. Amsar da ta zo musu mai kaifi ce: tun da sun ƙi sakin 'yan'uwansu, za a sake su su ma, ga takobi da annoba da yunwa. Babilawa suka dawo.

A cikin wannan ƙawanya ne, Irmiya yana tsare a farfajiyar masu gadin fada, ɗan baffansa Hanamel ya zo masa da tallar gona a garinsu Anatot, wanda ke ɗan nesa kaɗan arewa da Ƙudus, a ƙasar da maƙiya suka riga suka mamaye. Duk ɗan kasuwa ya san babu cinikin da ya fi wannan wauta. Mutumin da ya shekara kusan arba'in yana cewa birnin zai faɗi, shi ne aka umarta ya saya. Ya auna azurfa shekel 17, aka rubuta takarda, aka kira shaidu, aka buga hatimi, ya miƙa wa magatakardansa Baruk ya ce a sa ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe, domin wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a wannan ƙasa. A ganina nan ne zuciyar al'amarin take. Ranar da mutane ke cikin aminci ya gaya musu hukunci na tafe, suka ƙi ji. Ranar da suka yanke ƙauna ya fitar da kuɗinsa ya sayi fili. Tushen maganganun biyu ɗaya ne, wato Wanda Ya yi alkawarin horo Shi ne Ya yi na komowa, kuma wanda ya gaskata ɗaya ba shi da hujjar ƙaryata ɗayan.

Bayan kimanin shekara ɗaya da rabi aka fasa ganuwa, a 587 ko 586. Aka kamo Zadakiya a filayen Yariko, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu, aka tafi da shi Babila cikin sarƙa. Aka ƙone masallacin da Annabi Sulaimanu ya gina. Aya ta 259 ta Suratul Baƙara ta ba da labarin wani da ya bi ta wata alƙarya da ta ruguje a kan rufinta, ya yi mamakin yadda Allah zai raya ta, sai aka matar da shi shekara ɗari aka tashe shi, abincinsa bai ruɓe ba, jakinsa kuwa ya zama ƙasusuwa, aka haɗa su a gaban idonsa. Mafi shaharar magana ita ce Uzairu ne. Ɗabari ya ruwaito daga Wahbu ɗan Munabbih cewa Irmiya ne, alƙaryar kuma Baitul Muƙaddas ce bayan Bukhtanassar ya rushe ta. Alƙur'ani bai ambaci suna ba, domin kowane kufai yana da rabo a ayar.

Ƙasa ta adana shaidar zaman da suka yi. A alluna da Jamusawa suka haƙo a Babila a farkon ƙarni na 20 an sami lissafin man da ake ba Yekoniya sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar daga rumbun sarki. An kuma sami wasu alluna kimanin 200 daga wani ƙauye da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, masu ɗauke da cinikin gona da bashi da haraji, daga wajen 572 har zuwa bayan 480, da sunayen 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su bar ambaton Ubangijinsu a cikin sunayen ba. Sun gina gidajen, sun dasa lambunan. A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya yi wa kamammu izinin komawa. Littafin Ezra ya ƙidaya mutum 42,360 da suka koma. Aka gama sake ginin masallacin a wajen 516, shekara saba'in ke nan daga ƙone shi. An ce ranar da aka aza harsashi matasa suna sowa, tsofaffin da suka ga ginin farko suna kuka, har ba a iya rarrabe muryoyin. Alkawarin ya cika, amma bai mayar wa kowa da abin da ya rasa ba, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa shi a Babila aka binne su. Sarautar gidan Dauda ba ta dawo ba. Kusan shekara ɗari shida bayan haka, a shekara ta 70 Miladiyya, Taitus na Rum ya sake ƙone masallacin.

Akwai inda muka rabu da maƙwabtanmu, kuma babu amfanin ɓoyewa. Babi na 31 na Irmiya ya yi bishara da wani sabon alkawari da za a rubuta a zukata. Kirista sun ɗora shi a kan Almasihu, daga nan ma aka sami sunan Sabon Alkawari da suke kiran rabin littafinsu na biyu. Mu kuwa mun yi imani da cewa an riƙi alkawari daga Annabawa duka su gaskata Manzon da zai zo, kamar yadda yake a aya ta 81 ta Ali Imrana, kuma ayoyi na 156 da 157 na A'arafi sun ɗaura rahama da bin Annabi Ummiyyi. Wannan saɓani ne na aƙida, zai zauna har ranar da za a yi hukunci a tsakaninmu. Amma a kan sharaɗin alkawari Alƙur'ani bai bar wa kowa mafaka ba. An gaya wa Annabi Ibrahimu (AS), da ya roƙa wa zuriyarsa shugabanci, cewa alkawarin ba ya kaiwa ga azzalumai. An ce wa Bani Isra'ila su cika nasu a cika musu. Kuma malaman tafsiri sun ruwaito cewa Musulmi da Ahlul Kitabi sun taɓa yi wa juna alfahari, kowa yana cewa shi ne mafi kusa da Allah, sai aya ta 123 ta Suratun Nisa'i ta sauka tana cewa al'amarin ba ya bin burin waɗannan ko na waɗancan, duk wanda ya aikata mugunta za a saka masa. Da a ce ni ne mai zaɓar ayar da za a rubuta a kan gadar kogin Kaduna, ita zan zaɓa, a rubuta ta fuska biyu.

Wannan al'umma ma tana da nata alkawari mai kama da wancan. Muslim ya ruwaito daga Saubanu (RA) cewa an ba Manzon Allah (SAW) tabbacin ba za a halaka al'ummarsa da fari gama-gari ba, ba kuma za a ɗora mata maƙiyi daga waje da zai tumɓuke ta ba, amma sashenta zai riƙa halaka sashe. Tarihi ya gaskata duka ɓangarorin. Hulaku ya rushe Bagadaza a 1258, kafin shekara arba'in jikan ɗansa Gazan ya musulunta a 1295. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, Waziri Buhari kuwa ya zauna da sauran jama'a, ya rubuta wa malamai risala yana bayyana hujjarsa ta zama ƙarƙashin wanda ya fi ƙarfinsu don addini ya tsira. Kowanensu yana da hujjarsa a wurin Allah. Ita Kadunar nan da muke jayayya a kanta, waɗanda suka ci Sakkwato ne suka gina ta, suka mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917. A cikinta aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, daga Masallacin Sultan Bello kuma tafsirin Shehu Abubakar Gumi ya riƙa shiga gidaje ta rediyo har ƙetaren Nijeriya.

Abin da na fi jin tsoro shi ne mu karanta Suratul Isra'i kamar labarin wasu kawai, ko kamar kalanda. Wani malami Bafalasɗine, Bassam Jarrar, ya fitar da littafi a shekarun 1990 yana lissafin ayoyi da kalmomin surar, yana nuna cewa ƙasar Isra'ila ta yau za ta gushe a 2022. Shekarar ta zo ta wuce. Zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa a fili yake, ba ya bukatar lissafin haruffa, kuma Allah bai ba kowa ranar da zai cika alkawarinSa ba. Gani ga wane, in ji Bahaushe, ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya ji labarin masu jingina da masallaci alhali suna danne baƙo da maraya, sa'an nan ya ce Yahudawa ake nufi ya rufe Littafi, ya tsaya daidai inda suka tsaya.

Mu ma nan mun ɗaura alkawarinmu. Ranar 22 ga Agusta, 2002, shugabannin addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna tare da Gwamna Ahmed Makarfi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ne suka yi ɗawainiyar haɗa ta, mutane biyu da suka taɓa zama abokan gaba, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin 1992, ɗayan ya rasa hannunsa. Da sunan Allah aka buɗe takardar, aka yi tir da kisa da sunanSa. Wata uku kacal bayan haka, a watan Nuwamba, wata jarida ta buga maganar ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Fushin halal ne, babu Musulmin da zai ji wannan bai ji zafi ba. Amma wadda ta yi rubutun a Legas take, waɗanda aka kashe kuwa, kimanin mutum 250 daga ɓangarorin biyu, a Kaduna suke, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin jaridar ba. Jinin maƙwabci da aka ba amana ya zuba a hannun masu salla, jinin Musulmi matafiyi da mai tireda ya zuba a hannun masu zuwa coci. A watan Afrilu na 2011 aka sake, bayan zaɓe. Ba na cewa waɗanda suka sa hannu su ne suka warware, da yawansu sun fita suna kashe wutar. Amma duk lokacin da na karanta labarin bayin da aka 'yanta da safe aka kamo da yamma, watannin nan uku nake tunawa.

Bayan kowane rikici kasuwar gidaje ce ke ci. Mutane sun sayar da gidan da suka gina da gumin masaƙa a kan kuɗin da bai kai na rufinsa ba, wasu suka yi musanya da wanda ke gudowa daga ɗaya tsallaken. Ba na zargin kowa, rai ya fi gida, kuma wanda ya binne ɗansa ba a yi masa wa'azin zama. Sai dai akwai waɗanda suka ƙi sayarwa, akwai waɗanda suka koma suka sake rufa ɗakin da aka ƙone, shi ya sa ba a daina kiran salla a Kakuri da Makera da Nasarawa ba, ba a kuma daina kaɗa ƙararrawa a arewacin kogi ba. Waɗannan su ne masu takarda a cikin tukunya, ko sun taɓa jin sunan Anatot ko ba su taɓa ji ba.

Shi kuwa Irmiya, da birnin ya faɗi, Babilawa suka kwance shi suka ba shi zaɓi, ya bi su a girmama shi ko ya zauna. Ya zaɓi zama da talakawan da aka bari a ƙasar. Ba a jima ba aka kashe Gedaliya, hakimin da Babila ta naɗa musu, sauran jama'a suka tsorata suka yanke shawarar gudu Masar. Ya hana su, suka ƙi, suka tafi da shi da Baruk a kan dole. Maganarsa ta ƙarshe da littafin ya kawo a Masar ya yi ta, yana tsoho, gonarsa tana can Anatot.